"Sista, Wa Ya Ce?": Takardun Da Suka Haifi Rigakafin Sankarar Bakin Mahaifa

  

Wata ranar awo, bayan na gama jawabin safe da muka saba yi kafin a fara kiran kati, wata baiwar Allah mai ciki na shida ta jira sai da layi ya lafa, sannan ta ciro takarda daga jakarta. Daga makarantar 'yarta aka aiko da ita, yarinya 'yar shekara 11, ana neman iznin iyaye a yi mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa. Maigidan ya hana, saboda ya ji wani saƙon murya a WhatsApp da ke cewa allurar tana hana haihuwa. Ita kuwa matar, yayarta da wannan ciwo ta rasu, kuma ita ta yi jinyarta har ƙarshe. Ta ce da ni, "Sista, ku kun ce ƙwayar cuta ce ke kawo shi, mai waya ya ce ƙarya ne. To wa ya ce? A ina aka rubuta? Ina son abin da zan je in faɗa wa Malam."

Na ba ta amsa a tsaitsaye, don mata da yawa na jira, amma raina bai kwanta da amsar ba. Tambayarta tambaya ce mai kyau, kuma akwai amsa. Akwai wanda ya fara faɗa, akwai inda ya rubuta, akwai shekarar, kuma akwai waɗanda suka bi sawunsa don su kama shi da kuskure. Shi ne na ga ya dace in zauna in rubuta muku ita a natse.

Yadda ake auna malamin bincike

Idan kina neman ungozoma a unguwa, ba ita za ki tambaya ko ta iya aiki ba. Matan da ta karɓa wa haihuwa za ki tambaya. Haka yake ga masu binciken cututtuka. Idan malami ya gano wani abu, sai ya rubuta shi filla-filla: mutum nawa ya gwada, da me ya gwada, me ya gani. Sai ya aika wa mujallar masana. Mujallar ba ta bugawa nan take. Tana tura takardar ga wasu masana biyu ko uku na wannan fanni, galibi ba tare da ya san ko su wane ne ba, su tace ta, su nemo kurakurai. Wani lokaci a maido masa ya gyara, wani lokaci a ƙi ta baki ɗaya.

Bayan an buga, duk wani mai bincike da ya dogara da takardar a aikinsa wajibi ne ya ambace ta a ƙarshen tasa. Wannan ambaton ana ƙirga shi. Yau akwai shafuka a intanet, irin su Google Scholar, da za a buga sunan malami a ga jerin takardunsa, kowace da adadin waɗanda suka kafa hujja da ita. Manyan likitocin da kuke gani suna zagayen ɗaki da ɗalibai a bayansu, su ma da irin wannan ake duba su kafin a kai su matsayin farfesa. Shi ya sa wani lokaci ake zuwa da takarda a nemi izninki a sa bayananki cikin bincike. Kina da ikon yarda, kina da ikon ƙi, kuma ƙin ba zai taɓa kulawar da za a ba ki ba.

Mutumin da ya fara faɗa

Sunansa Harald zur Hausen. Duk lokacin da na faɗi sunan a ɗakin awo sai a fashe da dariya, a ce ashe ɗan gida ne. A'a, Bajamushe ne, sunan bai haɗa komai da Hausa ba. An haife shi a 1936, ya karanta likitanci, sannan ya koma binciken ƙwayoyin cuta na bairas. Ya rasu a watan Mayun 2023.

Tun kafin zamaninsa likitoci sun yi zargin cewa wannan ciwo yana da alaƙa da saduwa. A 1842 wani likita a birnin Verona na Italiya ya duba rajistar mace-mace, ya lura cewa sankarar mahaifa ba ta cika kama matan coci da ba sa aure ba, ta fi yawa ga matan aure da zawarawa. Amma mene ne ake ɗauka wajen saduwar? A farkon shekarun 1970 akasarin masana sun tsaya a kan cewa ƙwayar hafis ce, wadda ke sa ƙuraje masu ruwa a al'aura. An rubuta takardu masu yawa a kan haka, wannan na ambaton wancan.

Zur Hausen ya ɗauki 'yan tsokoki da aka yanko daga ƙarin bakin mahaifa, ya nemi zanen halittar hafis a cikinsu, wato abin da ake kira DNA. Bai samu ba. A 1974 ya buga wannan sakamako, ya kuma faɗe shi a wani taron masana a Florida ta Amurka. Ba a yi maraba da maganar ba. A 1976 ya rubuta wata 'yar gajeriyar takarda a mujallar Cancer Research, wadda ba ta wuce shafi guda ba, yana cewa a duba wani dangin ƙwayar cuta dabam, wanda ke sa 'yan tsiron fata irin tusar jaki. Wannan dangi shi ne HPV. Mutane ƙalilan ne suka ɗauki maganar da muhimmanci, don a ganinsu me ya haɗa ɗan tsiron fata da ciwon da ke kisa?

A nan ya kamata ku lura da wani abu. Da a ce a 1976 aka ƙirga ambato, masu maganar hafis ne za su ci, shi kuwa ya zo na ƙarshe. Ƙirgen ambato yana nuna inda masana suka raja'a a lokacin, kuma taron masana ma yana iya ɓacewa hanya tare.

Takardu biyu, da tsokar matan Afirka

Ya ci gaba da aiki da ɗalibansa a jami'ar Freiburg. Wahalar ita ce HPV ba iri ɗaya ba ne. Yau an san iri sama da 200, kuma waɗanda suka fara samu, mai lamba 6 da mai lamba 11, na tsiron fata ne, ba kasafai ake ganin su a cikin sankara ba.

A 1983 shi da abokan aikinsa uku suka buga takardar da ta sauya al'amarin, a mujallar Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka. Sunan ɗalibinsa Matthias Dürst ne a gaba, nasa a ƙarshe, kamar yadda al'adar masu bincike take ga shugaban aiki. Sun ciro wani sabon iri daga ƙarin wata mara lafiya, suka sa masa lamba 16. Da suka neme shi a sauran tsokoki, sun same shi a 11 cikin 18 na matan Jamus, da 8 cikin 23 na matan Kenya da Barazil. A shekarar da ta biyo, 1984, suka buga ta biyu a mujallar EMBO ta Turai, da wani irin kuma, mai lamba 18. Wannan an fi samun sa a tsokokin Afirka da Barazil, 9 cikin 36, a na Jamus kuwa 2 cikin 13.

Na daɗe ina tunanin waɗannan mata. Ba a rubuta sunan ko ɗaya ba, kuma haka ya dace. Mata ne irin waɗanda muke kwantarwa a ɗakin mata, masu zubar jini da warin da ke sa dangi ja da baya. Allurar da aka aiko wa 'yarki takarda a kanta, daga jikinsu aka fara gano ƙwayar da take karewa.

Amma dubi adadin: 18, 23, 36, 13. Wannan bai kai matan da muke aunawa a rana guda ba. Ba a yi wa 'ya'yan duniya allura a kan mata 18. Abin da zur Hausen ya yi bayan nan shi ne abin da ya fi burge ni a tarihinsa. Ya rarraba samfurin waɗannan ƙwayoyi biyu ga ɗakunan gwaji na ƙasashe da dama, duk wanda ya nema, domin kowa ya gwada da kansa. Mai ƙarya ba ya ba ka ma'aunin da za ka kama shi da shi.

Waɗanda suka bi sawu

Daga nan ambato ya fara hawa, kuma wannan karon ambato ne na waɗanda suka gwada suka gani. A 1984 wani bincike da ya bi mata kimanin 10,000 a birnin Prague bai ga alaƙa tsakanin hafis da wannan sankara ba, maganar hafis ta fara mutuwa. A 1985 ɗakin gwajin zur Hausen ya nuna cewa zanen halittar HPV yana shiga ya maƙale a cikin na ƙwayoyin bakin mahaifa. A 1989 da 1990 masana a Amurka suka nuna yadda yake ɓarnar. Kowace ƙwayar jikinmu tana da abin da za mu kira birki, mai hana ta hayayyafa ba ƙa'ida. HPV mai haɗari yana samar da sinadarai biyu, E6 da E7, da ke lalata wannan birki. Ƙwayar sai ta yi ta ƙaruwa, a hankali a hankali, har ta zama ƙari.

Saura a fita daga ɗakin gwaji a shiga asibitoci. Wannan aikin wata likita 'yar Kolombiya, Nubia Muñoz, da abokan aikinta suka yi a cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa. A 1995 suka buga sakamakon tsokoki kusan 1,000 daga ƙasashe 22, har da Mali da Benin da Yuganda. An sami HPV a kashi 93 cikin 100. A wannan shekarar cibiyar ta ayyana lamba 16 da 18 a matsayin masu haddasa sankara. Da aka sake gwada waɗanda ba a sami komai a cikinsu ba da na'ura mafi kaifi, sai adadin ya kai kashi 99.7 cikin 100, aka buga a 1999. A nan gida ma an duba. A 2004 an buga binciken da aka yi a kan mata 932 a unguwar Idikan ta Ibadan, aka sami HPV a jikin kusan mace ɗaya cikin huɗu.

Yau takardar 1983 an ambace ta sama da sau dubu, ta 1999 kuwa sau dubbai. Lamba 16 da 18 su ne ke kawo kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. A 2008 aka ba zur Hausen rabin kyautar Nobel ta likitanci, ɗaya rabin aka ba Faransawa biyu da suka gano ƙwayar ƙanjamau. Daga takardar shafi guda zuwa kyautar, shekara 32.

Shi bai haɗa allurar ba. Ya faɗa da bakinsa cewa tun 1984 ya tuntuɓi kamfanonin magani, ba su ga riba a ciki ba. Wasu masana a Ostareliya da Amurka ne, a farkon shekarun 1990, suka gano yadda za a ƙera ɓawon ƙwayar zalla, ba komai a cikinsa. Jiki yana ganin ɓawon ya shirya garkuwa, amma ɓawon ba ya iya sa cuta. A 2006 aka amince da allurar farko.

Takardar da aka janye

Yanzu ga maganar da maigidan waccan baiwar Allah ya ji. Ita ma tana da takardarta, kuma gara ku ji daga bakinmu. A 2018 wata mujalla ta buga rubutun wata malama a Amurka, wadda fanninta harkar kuɗi da tattalin arziki ne, tana cewa matan da aka yi wa allurar ba su kai sauran ɗaukar ciki ba. Masu adawa da rigakafi suka yi ta yaɗa ta. Da masana suka zauna a kanta sai suka ga manyan kurakurai, daga ciki har da cewa ba ta yi la'akari da masu shan maganin tazarar haihuwa ba. Mace ta zaɓi jinkirta ciki da kanta, sai a ƙirga ta a cikin waɗanda allura ta hana? A ƙarshen 2019 mujallar ta janye takardar. Amma saƙon waya ba a janye shi, yana nan yana yawo. Kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido kan lafiyar rigakafi ya duba wannan zargi, bai sami hujjar cewa allurar tana taɓa haihuwa ba, bayan an yi ɗaruruwan miliyoyinta a duniya. Abin da aka saba gani shi ne ciwo ko ɗan kumburi a dantse, wani lokaci ɗan zazzaɓi ko jiri, shi ya sa ake zaunar da yarinya minti 15 bayan an yi mata.

Shi kansa zur Hausen bai tsira daga wannan ma'auni ba. A shekarunsa na ƙarshe ya rubuta takardu yana zargin cewa akwai wasu abubuwa a naman shanu da madararsu da ke da hannu a sankarar hanji da ta mama. Duk da Nobel ɗinsa, maganar ba ta tabbata ba, kuma hukumar Jamus mai tantance haɗarin abinci ta ce babu hujjar da za ta sa mutane su canza abin da suke ci. Don haka ku sha furarku da nono, jikin mai ciki yana buƙata. A dai tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita.

To allurar tana aiki? Wannan ma sai da aka jira shekaru, don ciwon ba ya gaggawa. A 2020 aka buga binciken ƙasar Suwidin da ya bi 'yan mata da mata kusan miliyan 1.7. Waɗanda aka yi wa allurar kafin su kai shekara 17, haɗarin sankarar ya ragu a cikinsu da kashi 88 cikin 100. A 2021 Ingila ta buga nata: raguwar kashi 87 cikin 100 ga waɗanda aka ba damar yin allurar suna 'yan shekara 12 zuwa 13.

Abin da ya shafe ki

A 2020 an ƙiyasta mata 12,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Najeriya, 8,000 suka rasu. A ranar 24 ga Oktoban 2023 gwamnati ta shigar da allurar cikin rigakafin yau da kullum, kyauta, sau ɗaya tak, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, aka kai ta sauran jihohi a watan Mayun 2024. Dalilin zaɓar wannan shekaru shi ne allurar kariya ce, ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga, don haka ana so a yi ta tun kafin aure.

Malam maigida, ga taka. Samun HPV ba shaidar lalata ba ne. Kusan duk wanda ya taɓa saduwa, namiji ko mace, yana gamuwa da ita a rayuwarsa, galibi ba tare da wata alama ba. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka. A mafi yawan mutane, kamar tara cikin goma, jiki yana kawar da ita da kansa cikin shekara biyu. Ga 'yan kaɗan ne take zama, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ga mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ƙanjamau da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa. Ɗaukar ciki da ƙuruciya, yawan haihuwa da shan taba suna ƙara haɗarin. Ba ina faɗa don in tsorata mai 'ya'ya takwas ba, ina faɗa ne don ta san ita ce ta fi cancanta a duba.

Ke mai ciki, ba a yi miki wannan allura yanzu, sai bayan kin sauka. Idan an yi wa wata ba a san tana da ciki ba, kada hankalinta ya tashi, bincike bai nuna illa ga jariri ba, ta dai sanar da mu. Shayarwa ba ta hana allurar.

Abin da ya fi muhimmanci gare ki, wadda ta wuce shekarun allurar kyauta, shi ne gwajin bakin mahaifa. Waɗancan shekaru masu yawa da ciwon ke ɗauka dama ce, domin kafin ya zama sankara bakin mahaifa yana canzawa, kuma ana iya ganin canjin a magance shi cikin 'yan mintoci, ba tare da an cire mahaifa ba. Akwai gwajin da ake shafa ruwan khal a duba da ido, akwai wanda ake ɗan sharo ƙwayoyi a kai ɗakin gwaji, akwai kuma na neman ita HPV ɗin kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara daga shekara 30, a maimaita na HPV duk shekara 5 zuwa 10. Mai ƙanjamau ta fara daga 25, ta maimaita duk shekara 3 zuwa 5. Idan kin dawo awon bayan arba'in, ki tambayi nas ɗin da ta duba ki yaushe za a yi miki. Ki ce mace kike so ta duba ki, babu laifi a wannan.

Amma akwai abubuwan da ba a jira da su: ganin jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan al'ada ta ɗauke, ko fitar ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. Ku kula da iyayenku da surukanku a kan wannan, don sukan ɓoye saboda kunya, su ce basir ne ko sanyi. Ke kuma mai ciki, duk jinin da kika gani, komai ƙanƙantarsa, ko da tsakar dare ne, ki zo.

Waccan baiwar Allah ta dawo awo bayan wata guda. Malam bai ce eh ba, bai kuma ce a'a ba, ya ce yana so ya ji da kunnensa. Na ce ta zo da shi ranar awonta na gaba, ya zo da wayar da saƙon a ciki, mu saurara tare. Duk maigidan da ke da irin wannan tambaya, shi ma ƙofa a buɗe take.

Allah Ya sauke ku lafiya.